Filin Amsoshinku: Intanet ɗin da ake kira ta wayar girke

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa a wannan fili naku. Tunda labari ya bazu cewa kamfanin AOL na Amurka ya rufe tsohon intanet ɗinsa na kiran waya, wanda ake cewa dayal-of, a ranar 30 ga Satumba, 2025, saƙonni suke ta shigowa a kan maganar, wasu daga yara ne da basu taɓa ganin abun ba, wasu kuma daga iyayenmu da yayyenmu da suka yi zamani da shi. Na tsinto waɗanda suka fi maimaituwa, wanda bai ga nasa ba yayi haƙuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Dan Allah wani bidiyo na gani an kunna wata tsohuwar kwamfuta tana ta tsuwa tana ƙara kusan rabin minti, wai a da sai tayi haka kafin a shiga intanet. Da gaske ne ko haɗawa akayi? in da gaske ne meye amfanin ƙaran?
Daga wani ɗalibi a Zariya

AMSA: Ɗana ba haɗi bane wallahi, haka abun yake, kuma ƙaran nan da kaji ba lalacewa bace, aiki akeyi a cikinsa. Abunda zaka fara riƙewa shine a wancan lokacin babu wata hanya da aka shimfiɗa wa intanet ita kaɗai zuwa gidajen mutane, abunda yake ƙasa kawai shine layin wayar girke, siririyar wayar jan ƙarfe da ta taso daga ofishin tarho ta bi turaku ta shigo falo. Shi kuma layin nan dan muryar mutum aka gina shi, sautin da yake kaɗawa sau 300 zuwa sau 3,400 a sakan shi yake ɗauka, wanda ya haura haka ko ya gaza sai ya zubar. Ita kuma kwamfuta bata san murya ba, 0 da 1 kawai ta sani. To aikin modem kenan, ya karɓi 0 da 1 ɗin nan ya maida su sauti ya tura cikin layi, wani modem ɗin a can ɗaya ɓangaren ya saurara ya maido su lambobi. Kaga ai kiran waya ne sak, lamba ake bugawa ta shiga a ɗaga, kawai dai injina biyu ne suke maganar.

Koma ka sake sauraron bidiyon a tsanake zakaji abun hawa-hawa ne. Da farko diiiin ɗin layi ne mai nuna a buɗe yake, sai tit-tit-tit na buga lamba, sai ringin, sai can ɓangaren ya ɗaga da wata doguwar tsuwa mai kaifi, wannan tsuwar da na'urorin kamfanin waya take, tana gaya musu ba mutum bane a kan layi su kashe abun nan da suke sawa dan hana amsa-kuwwa. Daga nan sai gaisuwa, kamar dattawa biyu da suka haɗu a bakin kasuwa, sai an tambayi gida an tambayi iyali an tambayi gajiya kafin a taɓo abunda ya kawo mutum. Wannan yace ni ga gudun da na iya, wancan yace ni ga nawa, su tsaya kan wanda dukkansu suka iya. Shuuuu ɗin ƙarshe kuma gwajin layin ne, suna auna inda yake da kyau da inda yake da hayaniya dan su san nawa zai iya ɗauka. Suna daidaitawa sai kaji tsit, amma ba wai sun daina bane, sifikar kawai aka kashe, ƙaran yana nan a layi har sai an katse. Kuma da gangan ake barin sifikar a farko, dan mai kwamfuta yaji da kunnensa in layin a cike yake, ko in lambar wani gida aka buga mutum ya ɗaga yana ta halo halo.

Asalin abun ma ba dan gidaje akayi shi ba, aikin soja ne. A shekarun 1950 sojan saman Amurka suna da wani tsari mai suna SAGE da yake kwaso bayanan rada daga nesa ta layin tarho zuwa manyan kwamfutoci, daga nan kamfanin tarho na AT&T ya fitar da modem ɗin Bell 101 a 1958 mai gudun bit 110 a sakan (bit shine 0 ko 1 guda ɗaya), a 1962 ya fitar da Bell 103 mai 300. Lissafa, bit 300 wajen harafi 30 ne a sakan, da idonka zaka ga rubutu yana fitowa a sikirin harafi bayan harafi. Kuma a lokacin AT&T shi kaɗai yake riƙe da harkar tarho kusan duk ƙasar, ya hana kowa jona na'urar da ba tasa ba a layinsa, shi yasa aka ƙirƙiro wata dabara, akwati mai kofuna biyu na roba, ka buga lamba da hannunka sai ka kifa kan wayar a ciki, bakin waya a kofi ɗaya kunne a ɗaya, in aka buga ƙofa da ƙarfi a ɗakin ma sai rubutu ya dagule. Sai a 1968 hukumar sadarwa ta Amurka ta yanke hukuncin nan na Carterfone wanda ya buɗe wa na'urorin wasu kamfanoni ƙofa. Ni a ganina wannan hukunci yafi wasu ƙere-ƙeren da ake ta ambato muhimmanci, dan da ba'a yi shi ba da ƙananan kamfanoni basu samu shiga ba.

Ɗaya daga cikin ƙananan shine na Dennis Hayes, wanda a 1981 ya fito da Smartmodem, modem mai buga lamba da kansa, ka rubuta masa ATDT ka bi da lambar shikenan ya kira. Wannan yaren umarni da yake farawa da AT har yau yana nan a cikin na'urorin layin salula da yawa. Kafin nan ma a Fabrairun 1978 wasu mutum biyu a Cikago, Ward Christensen da Randy Suess, sun jona kwamfuta da layin waya suka ce duk mai modem ya kira ya bar saƙo ya karanta na wasu, mutum ɗaya a lokaci ɗaya, in wani yana ciki sai ka jira ya sauka.

TAMBAYA: Ɗana sannu da ƙoƙari. Mu muna da shi a gidanmu wajen 1999, maigidana Allah ya jiƙansa shi ya sa aka jona. Abunda har yau ban gane ba shine in yara suna kan kwamfuta duk wanda ya kira mu baya samu, in kuma na ɗaga kan waya zan kira sai su hau kukan na katse musu. Me yake kawo haka?
Daga wata Hajiya a Kaduna

AMSA: Allah ya jiƙan Alhaji ya sa ya huta, Hajiya. Abunda ya faru shine layin gidanku ɗaya ne, shiga intanet ɗin kuma kira ne cikakke, muddin yaran suna kai to gidanku yana kan waya kenan ko da awa uku ne, duk wanda ya buga 062 ya bi da lambarku sai yaji layi a cike. In kika ɗaga kan waya kuma kin shiga tsakiyar maganar injinan ne, ƙarar ɗagawar da numfashinki da hayaniyar falo duk sun zuba cikin sautin da suke aikawa, su rikice, in basu iya gyarawa ba su ajiye. Ba gidanku kaɗai ba, a Amurka da Ingila wannan rigima ta uwa da 'ya'ya a kan layi kusan kowane gida mai kwamfuta ya sha ta, har masu hali suka riƙa jawo layi na biyu dan kwamfuta kawai.

Nasan zaki tuna ɗan akwatin da yake fitowa a sikirin na Windows 98, wajen suna, wajen lambar sirri, wajen lambar waya, a danna a zauna ana sauraro, in Allah ya taimaka sai wasu 'yan ƙananan kwamfutoci biyu su bayyana a ƙasa ta dama kusa da agogo suna ƙyaftawa, ganinsu shine an shiga.

Sannan akwai maganar kuɗi, wanda inaga shi yafi damun Alhaji. Biya biyu akeyi, kuɗin kamfanin intanet daban kuɗin kiran waya daban, kowane minti yana hawa kan bil. Shi yasa masu dabara basa rubuta wasiƙa a kan layi, sai su rubuta imel ɗinsu duka a manhajar Outlook Express layi a kashe, in sun gama su kira, a tura a karɓo waɗanda suka shigo, cikin minti biyu uku su katse sannan su zauna karantawa. Amurkawa su sun samu sauƙi dan a yawancin garuruwansu kiran cikin gari kuɗin wata ake biya ba na minti ba, da AOL ya koma dala 19.95 a wata ba iyaka a Disambar 1996 sai mutane suka hau suka ƙi sauka, layukan kamfanin suka cushe, mutum ya yi ta bugawa baya samu. Abunda ya raba wannan gardama daga baya shine ADSL, wanda yake bin wayar jan ƙarfen nan dai amma ta saman sautin da murya bata kaiwa, sai ya zama uwa tana waya ɗa yana intanet a layi ɗaya.

TAMBAYA: Yallaɓai wai in aka gwada da datar yanzu yaya gudunsa yake? abokina yace hoto ɗaya sai ya ɗauki minti goma nace ƙarya ne.
Daga wani mai sayar da waya a Maraɗi

AMSA: Abokinka ya fi ka gaskiya a nan ɗan'uwa, in hoton wayar yanzu yake nufi. Gudun ya riƙa hawa ne a hankali, daga 300 zuwa 1,200 zuwa 2,400 a shekarun 1980, sai 9,600, sai 14,400 a 1991, 28,800 a 1994, 33,600 a 1996, ƙarshe 56,000 wanda ake cewa 56k. Shi ma 56k ɗin da rigima ya zo, a 1997 US Robotics suna da nasu tsarin X2, Rockwell da Lucent suna da K56flex, kuma basa jin yaren juna, in ka sayi wannan kamfanin intanet ɗinka yana kan wancan to kayi asarar gudun, sai a 1998 aka haɗu a kan tsari ɗaya mai suna V.90.

Amma 56 ɗin a jikin kwali yake, a aikace in layinka mai kyau ne ka samu arba'in da wani abu, wato wajen kilobayit 5 a sakan. To ɗauki kalkuleta. Hoto mai megabayit 3 minti goma kenan cif. Waƙa mai megabayit 4 kusan kwata. Fim mai gigabayit 1 kuwa sama da awa 55, kwana biyu da ɗoriya ba tare da layi ya yanke ba, in ya yanke kuma sau da yawa daga farko za'a sake. Shi yasa shafukan lokacin rubutu ne yafi yawa, hotunan ƙanana, kuma hoto daga sama yake saukowa layi-layi, ka fara ganin hula, ka jira goshi, ka jira ido.

Dalilin da yasa ya tsaya a 56 bai wuce ba, a cikin na'urorin kamfanin waya kowane kira bit 64,000 a sakan aka yanka masa, ana ɗaukar samfurin murya sau 8,000 a sakan kowanne bit 8. Kaga duk ƙwarewar injiniya bazai fitar da abunda yafi hanyar faɗi ba. Kuma ka duba, daga 300 zuwa 56,000 a kan waya ɗaya da ba'a canza ba, ninki sama da 180, lissafi ne zalla da wayo, wannan aiki ya cancanci a jinjina wa waɗanda suka yi shi.

TAMBAYA: Malam ni an haife ni 1984 a Kano amma wallahi ban taɓa ganin wannan abu a gidan kowa ba, mu kafe muka sani. Anya ya ma zo Najeriya kuwa?
Daga wani malamin makaranta a Kano

AMSA: Ya zo Malam, amma bai shiga gidajenmu ba sai ƙalilan, kuma wannan tambaya taka ita tafi tsaya min a rai a duk saƙonnin makon nan. Ka tuna abunda na gaya wa ɗalibin Zariya, wannan intanet bashi da hanyarsa, hanyar wayar girke ya ara. To inda hanyar take nan ya bi. A Amurka a shekarun 1990 sama da kashi 90 cikin 100 na gidaje suna da tarho, dan haka da wani kamfani mai suna The World ya fara sayar wa jama'a intanet ta kiran waya a 1989, aka samu manhajar buɗe shafukan intanet ta Netscape a 1994, Windows 95 ta biyo baya, abunda ya rage wa mutum kawai ya sayi modem, AOL kuma ya dinga cusa faifan shiga kyauta a akwatin gidan waya da cikin mujallu. Mu kuwa a Najeriya har zuwa 2001 layukan girke masu aiki basu kai rabin miliyan ba, ga mutum sama da miliyan 100, yawancinsu kuma a ofisoshin gwamnati da bankuna da kamfanoni da gidajen manya a Legas da Abuja da manyan birane. Wanda bashi da layi me zai jona wa modem?

Gana ta riga mu, a 1995 kamfanin Network Computer Systems na Nii Quaynor ya haɗa ƙasar da intanet. A Najeriya hukumar NCC ta ba kamfanoni 38 lasisi a 1996, Linkserve ya fara aiki a Legas a farkon 1997. A farkon lamarin in kana Arewa kamfanin naka yana Legas to kiran nesa kake yi duk shiga, kuɗinsa kuma ba na talaka bane. Ga damina, ruwa ya shiga waya layi ya cika da hayaniya gudu ya faɗi, tsawa kuma ta biyo wayar tarho ta ƙone modem, shi yasa masu shi suke zare waya da zarar hadari ya haɗo.

Dan haka mu tarihinmu na intanet a kafe aka rubuta shi, wato shagon da ake biya a shiga intanet, kuma bai kamata mu ari tunanin wasu muna kewar ƙaran da yawancinmu bamu taɓa ji a ɗakinmu ba, namu ma ya isa a bada labari. Wasu kafe ɗin farko layin waya ɗaya ne suke raba wa kwamfuta huɗu biyar, daga baya masu ƙarfi suka kafa faranti a saman gini suna ɗaukowa daga tauraron ɗan Adam. Ni ma a irin wannan ɗaki na fara, ka biya a kanta a baka 'yar takarda mai lamba, ka shigar, agogo ya fara ƙirga maka a kusurwar sikirin, fanka tana kaɗa iska mai zafi janareta yana ruri a baya, mutum uku a kan kwamfuta ɗaya, ɗaya yana danna kibod biyu suna leƙe ta kafaɗa suna faɗa masa abunda zai rubuta. Shafin Yahoo kaɗai kafin ya gama buɗewa ka cinye mintuna, saura minti biyar saƙo ya fito yana maka gargaɗi kai kuma baka gama wasiƙar ba, ka ɗaga hannu kace a ƙara min rabin awa. Masu son araha da sauri sai su yi kwanan kafe, a rufe ƙofa da dare sai asuba, dan lokacin mutane sun ragu layi ya saki.

Kuma ba wasa ya kai mutane wurin ba kawai. Wanda ɗan'uwansa yake karatu a Sudan ko Masar ko Ingila ya samu hanyar da wasiƙa take isa a yini ɗaya maimakon makonni, ɗan kasuwa ya aika wa abokin cinikinsa a Dubai, da cacar bizar Amurka ta koma ta intanet a 2003 kafe suka cika, haka da aka fara duba sakamakon jarabawa da katin kankarewa. Yara da yawa da suka zama masu gyaran kwamfuta da injiniyoyi yau a matsayin yaron kafe suka fara, masu buɗe wa mutane imel.

Abunda ya shiga gidan kowa a ƙasar nan salula ce. An yi gwanjon lasisin GSM a Janairun 2001 kowanne dala miliyan 285, a Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki, cikin ɗan lokaci layukansu suka ninka na girke. Daga nan bamu koma ta kan wayar jan ƙarfe ba, daga kafe sai waya a hannu.

TAMBAYA: Yaya, modem ɗin nan mai kama da filasha da muke sa wa sim mu soka a laftof wajen 2010, shine wannan da ake magana?
Daga wata ma'aikaciyar jinya a Jos

AMSA: A'a ƙanwata, jikansa ne dai. Aikinsu iri ɗaya ne, maida lambobin kwamfuta zuwa abunda hanya zata iya ɗauka, amma naki ta iska yake bi zuwa ga turken sabis, wancan kuma ta waya. Akwai ragowar gado a jikinsa, in kin tuna a wasu saitin ana sa *99# a matsayin lambar da za'a kira, kuma kwamfuta tana lissafa shi a jerin haɗin kiran waya duk da ba wanda yake ɗagawa. Wayar da take hannunki yanzu ma akwai modem a cikinta, ya ƙanƙance ne ya koma ɗan guntun cif.

TAMBAYA: Malam na tsinci wani a cikin kayan mahaifina, baƙi ne mai fitilu jajaye a gaba an rubuta US Robotics. Zai yi aiki yanzu?
Daga wani matashi a Sakkwato

AMSA: In ka samu adaftarsa ta asali zai iya kamawa fitilun su kunnu, ka dai duba abunda aka rubuta a ƙasansa kafin ka soka, dan wanda aka sayo daga Amurka adaftarsa ta wuta 110 ce tamu kuma 230, zaka ƙone ta. Shiga intanet da shi kuwa sai abu uku sun haɗu, layin girke mai rai, kamfanin da har yanzu yake da modem a can ɓangaren da zai ɗaga kiran, da kwamfuta mai tsohuwar kafar nan mai ƙusoshi tara ko kebul ɗin da zai maida ta USB. Na ukun zaka samu a kasuwar 'yan kwamfuta, biyun farko ne babu a wajenmu. Kada ka sayar wa 'yan gwangwan, ka goge shi ka ajiye, in da takardun bil ko littafinsa a cikin kayan ka haɗa su wuri ɗaya, in kuma akwai makarantar da ake koyar da kwamfuta kusa da kai ka kai wa malamin ya nuna wa ɗalibai.